Allon Kan Gado da Cinikin Biri a Sama

Idan Bahaushe ya ce wane ba shi da kan gado, yana nufin al'amuransa ba su da tsari, ba a gane gabansu balle bayansu. Hoton da maganar ke kawowa a zuci na ɗakin kwana ne: gado yana da kai, yana da ƙafa, mai hankali kuma ya san inda zai ajiye matashinsa. A 'yan shekarun nan kuwa, kan gado na zahiri ya yi girman da ya kusa taɓa silin a gidajenmu. Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya ranar jere, ko ya bi shafukan masu sayar da kayan ɗaki a Instagram, ya san irinsa: allo mai faɗin bango guda, an lulluɓe shi da karammiski, an lotsa shi da maɓallai masu ƙyalli, wani har da fitilu a gefe da wurin cajin waya.

A duk kayan ɗaki babu wanda mai saye ya jahilci cikinsa kamar wannan allo. Tebur kana ganin katakonsa, kana iya ƙwanƙwasa shi ka ji amonsa. Durowa kana iya jawo ta ka duba bayanta. Katifa tana ɗauke da sunan kamfanin da ya yi ta. Allon kan gado mai kushin kuwa, yadinsa kaɗai ake nuna maka; duk abin da zai yanke tsawon ransa an riga an rufe shi tun kafin ka iso. Cinikin biri a sama ke nan, kuma muna yinsa da maƙudan kuɗi ba tare da mun ji komai ba.

Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane mai ilimi a cikinmu, likita ne ko malamar jami'a ko ma'aikacin banki, ya haɗa allon kan gado da hannunsa ko da sau ɗaya ne. Aikin yini guda ne, bai fi ƙarfin wanda bai taɓa riƙe guduma ba. Kuɗin da za a rage na iya zama kaɗan, kuma zan kawo dalili a gaba. Babbar ribar ita ce wanda ya yi shi sau ɗaya ya daina sayen kayan kushin da ido kawai, kasuwa kuwa ba ta gyaruwa sai masu saye sun san abin da suke saye.

Daga gadon ƙasa zuwa karammiski

Ba yau Hausawa suka fara gyara makwancinsu da hannunsu ba. Kakanninmu sun kwana a gadon ƙasa, wanda ake ginawa da laka a bar masa rami inda ake zuba garwashi lokacin sanyi. Sun kwana a gadon kara. Mata ne ke taruwa su yi daɓen ɗakin amarya, su yayyafa masa makuba, sannan su yi jeren ƙorai da tasoshi. Ɗaki aikin mai shi ne da danginta, babu abin da ke cikinsa da ba su san asalinsa ba.

Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo. Kamfanin Mouka, wanda yau aka sani da katifa, a Kano ya faro a 1959 yana ƙera gadajen ƙarfe da kayan ɗaki, kafin ya shiga sana'ar soso a 1972. Vitafoam kuma an kafa shi a 1962. Da soso ya wadata, sai kushin ya taso daga kujerar falo ya shiga ɗakin kwana, aka wuce zamanin gadon fomeka mai madubi, aka iso inda muke. Kowane mataki ya zo da ƙarin jin daɗi, ya kuma ƙara nesanta mai ɗaki da sanin abin da yake kwana a kai.

Aikin allon a kansa bai taka kara ya karya ba. Yana raba kan mutum da bango, ya hana matashi zamewa, ya ba mai karatu ko mai shayarwa wurin jingina, ya kare fenti daga man gashi. A ƙasashen sanyi an yi shi ne don ya tare sanyin bango. Duk wannan, allo mai tsayin ƙafa biyu da rabi zuwa uku a saman katifa ya wadatar. Abin da ya haura haka ado ne. Ado ba laifi ba ne, sai dai a tuna wanda ke biya.

A al'adarmu iyayen amarya ne ke biya, kuma kowa ya san uban da ya ci bashi ko ya sayar da fili saboda kayan ɗaki. Nauyin ya kai har hukuma ta shigo ciki: a aure 1,800 da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyi a watan Oktoban 2023, gado da katifa suna cikin abin da aka ba ma'auratan. Ga kuma tsadar zamani. Sinadaran da ake haɗa soso da su daga waje ake shigo da su, don haka farashinsa yana bin dala, musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. To idan kayan aiki sun yi tsada, mai saye kuma ya kafe sai allo mai girman na maƙwabta a kan kuɗin bara, dole a rage wani abu. Ba za a rage abin da ido ke gani ba. Na ciki ake ragewa.

Hawa huɗu, uku a ɓoye

Kowane allon kan gado mai kushin hawa huɗu ne: katako, soso, faiba, sai yadi.

Katakon da ya fi dacewa shi ne filawud, wanda ake yi da siraran ɓawon itace da aka manna a gicciye da juna. Wannan gicciyen ne ya sa ba ya saurin lanƙwasa, kuma yake riƙe ƙusa da kyau. Faifansa ɗaya ƙafa takwas ne a tsayi, huɗu a faɗi, mai kaurin milimita 12 kuma ya isa wannan aiki. Abokin gogayyarsa shi ne MDF, wato garin itace da aka cuɗa da gam aka matse. Yana da santsi da kyan gani, amma idan danshi ya taɓa shi sai ya kumbura, gefensa kuma ba ya riƙe sukuru. Gam ɗin da aka fi yinsa da shi yana fitar da iskar fomaldehaid, wadda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2004 cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Filawud ma yana fitar da ita, sai dai galibi bai kai MDF ba. Fitar tana ƙaruwa da zafi, tana raguwa da daɗewa, shi ya sa sabon katako ke buƙatar shan iska na kwanaki kafin a kai shi inda mutum zai ajiye kansa awa bakwai ko takwas kowane dare. Akwai kuma hanya ta uku da wasu ke bi idan kuɗi ya gaza: a haɗa firam da ɗanyen katako, a toshe tsakiya da kwali. Hunturu ɗaya ya isa ya busar da katakon ya murɗe shi.

Soso shi ne inda aka fi yin kitso da ƙwarƙwata. Ana auna ingancinsa da nauyi, wato kilo nawa ne a kowace kubik mita, abin da masu sana'ar ke kira densiti. Tauri daban, nauyi daban. Soso yana iya yin tauri ranar saye alhali ba shi da nauyi, bayan 'yan watanni ya lotse daidai inda ake jingina, ya ƙi dawowa. Ga allon gado, kaurin inci biyu da densiti 25 zuwa 30 ya yi. Gwajin kuwa sikeli kawai yake buƙata. Faifan soso mai ƙafa shida da ƙafa huɗu, kauri inci biyu, idan densitinsa 25 ne zai auna kusan kilo 2.8, idan 15 ne, kusan kilo 1.7. A kula dai, akan cuɗa wani soson da garin alli don ya ƙara nauyi, irin wannan kuma yana saurin yagewa idan aka ja gefensa. Akwai kuma tsohon soso da aka ciro daga kujerun da aka yar, wanda da zarar an rufe shi babu mai iya bambance shi da sabo.

Faiba ita ce audugar roba mai laushi da ake shimfiɗawa tsakanin soso da yadi. Tana tausasa kusurwoyi, tana hana yadi gugar soso har ya yi ƙuraje. Ba ta da tsada, amma da yake babu mai tambayarta, ita ake fara tsallakewa.

Yadi shi ne hawan da kowa ke gani, kuma a nan ma ido yana yaudara. Karammiski yana da kyau a hoto, amma gashinsa matattarar ƙura ce, mu kuwa muna shan ƙurar hunturu wata uku ko fiye. Ledar kujera tana da sauƙin gogewa, sai dai zafi da gumi suna sa ta saɓule kamar fatar maciji, ga shi a bazara zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40. Yadin auduga mai kauri ya fi su duka dacewa da yanayinmu. A nan ne kuma mai yi da hannunsa ke da zaɓin da ba ya samu a shago: luru ko saƙi na masaƙanmu, atamfa da aka yi mata shafi da wani ƙyalle don ta yi ƙarfi, ko rinin marinar Ƙofar Mata, muddin an wanke shi sosai don kada baba ya zuba a jikin matashi.

Yadda ake haɗa shi

A fara da awo. Idan katifa mai faɗin ƙafa shida ce, a ƙara inci biyu a kowane gefe, allon ya zama inci 76. Tsayi inci 30 ya isa. Da wannan awo za a je wurin masu katako, kamar 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, a sayi filawud, a biya kafinta ya yanka shi ya goge kusurwoyinsa da samfefa. Yankan katako miƙaƙƙe da zarton hannu yana buƙatar ƙwarewa, babu kuma dalilin da zai sa sabon shiga ya fara da shi.

A gida, a ɗora katakon a kan soso, a zana iyakarsa, a yanke da doguwar wuƙa mai kaifi. A shafa gam irin na masu kushin a jikin katako da soso, a jira ya ɗan sha iska, sannan a manna. A tsakar gida ake wannan, nesa da wuta, domin tururin gam ɗin yana hawa kai kuma yana kamawa. Daga nan a shimfiɗa faiba a ƙasa, a kifa allon a kanta, a naɗo gefunanta zuwa baya a kama da sitefula irin ta masu kushin. Fil mai tsayin milimita 10 ya dace da katako mai kaurin 12, ba zai ɓullo ta gaba ba.

Yadi biyu da rabi ne lissafin allo mai wannan girma, amma a sayi uku don hankali ya kwanta. Kantin Kwari ba ta rasa irin da ake so. Da yake a kwance za a shimfiɗa shi, a zaɓi zanen da ba shi da sama da ƙasa. A goge shi, a shimfiɗa fuskarsa a ƙasa, a sake kifa allon. Sirrin aikin duka yana cikin tsarin bugun fil: ɗaya a tsakiyar sama, a ja yadi a buga ɗaya a tsakiyar ƙasa, sannan tsakiyar dama da tsakiyar hagu. Daga nan a riƙa tafiya daga tsakiya zuwa gefe, fil ɗaya duk bayan inci biyu, ana juyo allon lokaci-lokaci ana duba ko zanen ya karkace. Kusurwoyi ne na ƙarshe, a ninke su kamar yadda ake ninke gefen zanen gado, a rage abin da ya yi yawa da almakashi. Mutum biyu aikin ke so, ɗaya na ja ɗaya na bugawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙarshe a rufe bayan da farin ƙyalle don kada a bar wa ƙwari kafa.

Wajen kafawa hanya biyu ce. Mai gidan kansa zai iya sa kafinta ya tsaga falanki gida biyu a karkace, a kan digiri 45, a ɗaure ɗaya a bango ɗaya a bayan allo, sai su sarƙe da juna. Duk lokacin da aka so, ɗagawa kawai za a yi a sauke shi. Ɗan haya kuwa, wanda huda bango zai haɗa shi da mai gida, sai ya sa wa allon ƙafafu biyu na katako ya ɗaure su da noti a jikin gado. Ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan zai ga amfanin allon da mutum ɗaya ke iya ɗauka ya bi da shi ta matakala. Wanda kuma ya sa tela ya ɗinka wa allon riga mai zif ya huta, in ta yi datti a cire a wanke.

Lissafin Amurka ba namu ba ne

Yawancin bidiyoyin koyar da wannan aiki daga Amurka da Ingila suke zuwa, kuma kusan dukansu da alƙawarin rage kuɗi suke farawa. Akwai tarihi a bayan alƙawarin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, miliyoyin Amurkawa sun mallaki gidaje a bayan gari, ladan ma'aikaci kuma ya yi tsada, sai al'adar yi-da-kanka ta bunƙasa har mujallar Time ta sa ta a bangonta a watan Agustan 1954. Manyan shagunan Home Depot, da suka fara buɗewa a Atlanta a 1979, a kan wannan al'ada aka gina su. A can, ladan aiki ne ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin kaya, saboda haka wanda ya yi da kansa ya ajiye kuɗi na gaske.

A wurinmu lissafin a juye yake. Ladan kafinta kaɗan ne, kayan aiki ne ke da tsada. Bugu da ƙari, kafinta yana saye a kan sari, yana kuma cin moriyar guntayen da suka rage daga wani aikin, kai kuwa za ka saya ɗai-ɗai, ka ƙara da kuɗin sitefula idan ba ka sami aro ba. Duk wanda ya ce maka za ka rage rabin kuɗi, lissafin wata ƙasa ya kwafo. Sauƙin da ake samu a nan ta wasu ƙofofi yake shigowa: allon ya zama daidai buƙata maimakon faɗin bango, tsohon gado mai ƙarfi ya sami sabuwar fuska maimakon a sayi wani, kayan ciki kuma su zama masu kai shekaru.

Akwai ƙorafi mai nauyi da za a iya yi: ashe wannan ba cire abinci ba ne daga bakin masu sana'a, a lokacin da suke fama? Amsar farko ita ce hanyar da na kawo ba ta tsallake kafinta ba, shi ke yanka, shi ke kafawa. Amsa ta biyu ta fi zurfi. A 1970, masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar da mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba. Da kasuwar tsofaffin motoci ya buga misali. Tun da mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mara kyau, ba zai biya kuɗin mai kyau ba. Mai kaya nagari sai ya janye ko ya rage inganci. A hankali kasuwa ta cika da tarkace. Haka kasuwar kushin take. Kafinta mai amana, wanda ya sa filawud da soso mai nauyi, yana gogayya da wanda ya sa kwali da tsohon soso, yadinsu iri ɗaya, hotonsu iri ɗaya, na biyun kuma ya fi araha. Jahilcin mai saye ne ke hukunta mai amana. Ranar da masu saye suka fara tambayar densiti, mai amana ne zai fara cin riba.

Wuta da kuɗin cizo

Abubuwa biyu ne bidiyoyin ado ba su cika ambata ba, kuma su ne suka fi shafar lafiya.

Na farko wuta. Soson kushin yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da gubar sayanaid, waɗanda ke kayar da mutum kafin harshen wuta ya iso gare shi. A ranar 8 ga Mayun 1979, gobara ta tashi a sashen kayan ɗaki na shagon Woolworths da ke Mancesta a Ingila, mutum 10 suka rasu, hayaƙin soso ne kuma ya yi mafi yawan ɓarnar. Wannan na cikin abubuwan da suka kai Birtaniya ga kafa dokar 1988 kan juriyar kayan kushin ga wuta. Mu kuwa a ɗakin kwana muke ajiye kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da kyandir idan an ɗauke wuta. A kan haka kuma muka ƙara yayin binne wayoyin lantarki da fitilu a cikin soso, inda babu mai ganin haɗin da ya saki ko wayar da ta fara zafi. Wanda ya haɗa allonsa da hannunsa, ya taɓa soson ya san abin da yake, da wuya ya yarda a ratsa waya ta cikinsa ko a rufe soket da shi.

Na biyu kuɗin cizo. Ƙwaro ne da ke ɓuya a tsaga da ɗinki kusa da inda mutum ke barci, yana kuma iya yin watanni bai sha jini ba. Kowane maɓalli da aka lotsa, da kowane ninki da aka yi don ado, ɗaki ne aka gina masa. Allon da aka manne da bango har abada ba a iya duba bayansa balle a yi masa magani. Shimfiɗaɗɗen allo mara maɓalli, wanda ake iya saukewa a fitar da shi tsakar gida a bincika, ya fi sauƙin yi ga sabon shiga, ya kuma fi tsafta. Rigakafi ya fi magani.

Hannu da takardar shaida

Abin da zai hana yawancinmu gwada wannan aiki ba rashin lokaci ba ne. Kunya ce. Mun taso da tunanin cewa wanda ya yi karatu ya wuce riƙe guduma, kuma in aka ga mai digiri a tsakar gida da sitefula, sai a ɗauka talauci ne ya kama shi. Tarihin karatun boko a Arewa bai fara da wannan raba gari ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injinan aikin katako da ƙarfe, da yawansu suka tsufa a cikin akwatuna saboda rashin wuta da malamai. Sakamakon shi ne ajin mutane masu iya tantance kwangila da kasafin kuɗi, amma ba su iya tantance gadon da suke kwana a kai.

Sai dai a yi hattara da ɗoki. A 2012, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely sun wallafa wani bincike inda suka sa wasu mutane haɗa akwatin IKEA da hannunsu, wasu kuma aka ba su haɗaɗɗe. Waɗanda suka haɗa da kansu sun yarda su biya ƙarin kashi 63 cikin ɗari a kan akwati iri ɗaya. Darasin kaifi biyu ne da shi. Abin da mutum ya yi da hannunsa yana ƙaunarsa, yana kula da shi, ba ya saurin yar da shi don yayi ya sauya. Amma kuma yana ganinsa fiye da yadda yake. Allonka na farko ba zai kai na gwanin da ya shekara ashirin yana sana'ar ba, kusurwa ɗaya za ta fi 'yar'uwarta kumburi. Wannan ma ilimi ne, domin daga ranar za ka san darajar hannun gwani, ka daina taya aikinsa kamar kana taya tumatir da yamma.

Ga wanda ba zai yi da kansa ba

Ba kowa ne zai sami yini guda ba, kuma uwar da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta saura mako uku biki ba lokacin gwaji take ciki ba. Ko ita tana iya cin moriyar wannan sani. Ta nemi ganin allon tsirara kafin a rufe shi. Ta sayi soson da kanta daga dillalin kamfanin da ta yarda da shi, ko ta sa a auna shi a gabanta. A rubuta kaurin katako da densitin soso a takardar ciniki, a raba biya gida biyu, rabi kafin rufi rabi bayansa. Kafinta nagari ba zai ji haushin wannan ba, hasali ma dama ce ta nuna aikin da ya daɗe yana yi babu mai yabawa.

Sannan mu rage girman allon. Fanƙan-fanƙan ba shi ne kilishi ba. Kuɗin ƙafa huɗu na karammiski da babu wanda zai taɓa jingina da su, gara a ƙara su a kan katifa mai kyau, wadda ita ce bayan amarya zai sani shekara goma masu zuwa. 'Yan ganin ɗaki yini ɗaya suke yi su watse. Mai ɗaki ita ce za ta zauna da abin da ke ƙarƙashin yadin, kuma tana da haƙƙin sanin mene ne.